Sunan da ke Ɓoye Cikin Ƙota

Wannan makon alƙalami ya faɗo kaina, kuma zan ɗan yi nesa da ku daga gida, don haka a yi haƙuri da baƙin sunayen da za a ci karo da su.

Takobin gargajiya na Japan, wanda masu shi ke kira nihonto, mu kuma muka san shi a fina-finai da sunan takobin samurai, yana da wata ɗabi'a ta daban. Maƙerinsa ba ya sa suna a inda ido zai gani. A wutsiyar ƙarfen yake sassaƙa shi, wato ɓangaren da ke shigewa cikin ƙota, wanda suke ce wa nakago. Kafin ka ga sunan sai ka ture wani ɗan tsinken gora da ke riƙe da ƙotar, sannan ka zare ta. Sabon shiga harkar nan, da zarar takobi ya zo hannunsa, babu abin da yake ɗoki kamar ya zare ƙota ya karanta suna. Waɗanda suka tsufa a cikinta kuwa sunan ne abu na ƙarshe da suke dubawa. Dalilinsu ba boyayye ba ne: ƙera ruwan takobi mai kyau aikin makonni ne, kuma sai wanda ya yi shekaru yana koyo, alhali sassaƙa haruffa shida ko takwas a wutsiya bai fi aikin yini guda ba.

Ni karatu ne ya kai ni Japan. Wata Asabar da ba ni da abin yi na shiga gidan adana takubba da ke unguwar Sumida a Tokiyo, na tarar da dattawa a gaban gilashi suna durƙusawa suna miƙewa, suna karkata kai, kamar masu neman jinjirin wata. Ashe haske suke bi. Akwai abubuwan da ba sa bayyana a jikin ƙarfen sai fitila ta faɗo masa ta wata kusurwa. Daga ranar na kamu, yau shekara uku ke nan, kuma a wannan fage mai shekara uku jariri ne.

Ba a gane na jabu sai an san yadda ake yin na gaske, don haka bari in taƙaita. Ana narka baƙin yashi mai ƙarfe tare da gawayi a wani murhun yumɓu da ake kira tatara, kwana uku dare da rana ba a bar wuta ta huta ba. Ƙarfen da ke fita sunansa tamahagane. Maƙeran Japan na yau yawanci daga murhu ɗaya suke samunsa, wanda aka farfaɗo da shi a 1977 a jihar Shimane, kuma da hunturu ake hura shi. Maƙeri zai gasa ƙarfen, ya buge, ya ninke, ya sake bugewa, sau goma zuwa goma sha biyar. Ku yi lissafi: ninki 15 yana ba da falle 32,768. Wannan ninkin ne ke barin wani siririn zane a jikin ruwan takobin, mai kama da zanen da ake gani a jikin katakon da aka fere, su ce masa hada. Daga nan sai a shafe ƙarfen da yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a bakin kaifi, a gasa, a tsoma a ruwa. Bakin ya riga baya hucewa, sai ya yi tauri, takobin ya ƙara lanƙwasa, kuma wani farin layi ya fito a iyakar mai tauri da mai taushi. Shi ne hamon. Idan ka sa shi a haske za ka ga yana da zurfi, wani wuri kamar hazo, wani wuri ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an watsa gari. Ba ado ba ne da aka ɗora daga baya, tabon wuta da ruwa ne a cikin ƙarfen kansa.

To, kalmar jabu a wannan harka ta ƙunshi abubuwa da ba su da haɗi da juna, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ke rikita sabon shiga.

Akwai jabun da ko kusa da Japan bai taɓa zuwa ba. Wannan shi ya cika shagunan 'yan yawon buɗe ido da kasuwannin gwanjo na intanet. Wani abokina ɗan kasuwa, mai fita waje sarin kaya, ya taɓa turo mini hotuna bakwai cikin dare ta WhatsApp, ya rubuta, “Malam, duba mana wannan.” Na tambaye shi ko ya riga ya biya, ya ce ai har ya iso gida. An ce masa takobin wani hafsan Japan ne na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kuɗin da ya faɗa mini ya isa jarin ƙaramin shago.

Hoton farko ma ya gama magana. Zanen jikin ƙarfen yana ta ihu, baƙi da fari kamar an zana da alli, irin wanda ake fitarwa da asid. Hada na gaske mai kunya ne, sai ka neme shi. Farin layin bakin kuwa tudu da kwari ne masu tsawo ɗaya tun daga gindi har tsini, kamar haƙoran zarto, kuma da ya kusa tsini sai ya ɓace. A na gaske layin yakan bi lanƙwasar tsinin ya juyo baya, kuma akwai wani ɗan layi a gicciye, tsaf kamar an ja da reza, da ke raba tsinin da sauran jiki. A nasa wurin a dagule yake. An zana haruffa da fure a tsakiyar ruwan takobin, an buga lamba a ɗan abin wuyan tagullar da ke gindinsa, inda ba a buga lamba. Igiyar da aka naɗe ƙota da ita duk gefe ɗaya take hawa, alhali a naɗin Japan wannan ta hau waccan, a gaɓa ta gaba waccan ta hau wannan, don ko ɗaya ta tsinke kada duka su warware. Na ce ya zare ƙotar ya ɗauko mini wutsiya. Ja-ja-jir take da tsatsa irin ta kwanon da ya kwana a ruwa, gefenta kamar an yanka da injin walda.

Na daɗe ina riƙe da waya kafin in rubuta amsa. Na gaya masa gaskiya, na ce ya rataye shi a falo in yana so, amma kada ya sayar wa wani da wancan labarin, kuma kada ya bari yara su yi ta wulwula shi, don irin wannan yakan fice daga ƙota. Mako biyu bai ce mini uffan ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mun shirya daga baya, amma har yau ba mu sake ambatar takobin ba.

A nan dole in yi adalci. A garin Longquan na ƙasar Sin akwai maƙera da ke ƙera takubba a siffar na Japan, wasu da kyau ƙwarai, suna sayar da su a matsayin sababbin kayan Sin. Wannan sana'a ce ta halal. Ha'incin yana farawa ne a ranar da wani ya jiƙa wutsiya da ruwan gishiri ya ƙirƙiro mata kaka.

Sai kuma takubban yaƙi, waɗanda ba jabu ba ne ko kaɗan, amma ba su ne abin da mai neman nihonto ke nema ba. Daga shekarun 1930 zuwa 1945 rundunar Japan ta buƙaci takubba fiye da abin da maƙeran gargajiya za su iya samarwa, sai aka koma ƙarfen masana'anta, ana tsomawa a mai maimakon ruwa. Da yawansu akwai ɗan hatimi a wutsiya, na garin Seki ko wani harafi a cikin fure. Na ƙananan hafsoshi ma, samfurin 1935, ƙotarsa zubin alminiyon ce da aka yi wa fenti ta yi kama da naɗin igiya, kuma yana da lamba a jiki, da irinta a kube. Wanda ya haddace cewa lamba alamar jabu ce zai wofintar da na gaske, wanda kuma ya ji cewa na soja yana da lamba zai sayi irin na abokina. Sojojin Amurka sun kwashi takubba masu ɗimbin yawa zuwa gida bayan yaƙin, tsofaffi da na masana'anta a gauraye, shi ya sa labarin “kakana ne ya kawo shi daga yaƙi” yake da kasuwa. Wani lokaci gaskiya ne.

Wanda ya fi ɗaukar mini hankali shi ne na uku, gimei: takobi na gaske, ƙirar Japan, mai shekara ɗari uku ko biyar, mai hada da hamon na ƙwarai, amma sunan da ke wutsiyarsa na ƙarya ne. Wannan ba sabon abu ba ne, ya girmi kowane ɗan damfarar intanet da ƙarnuka. A zamanin mulkin gidan Tokugawa takobi shi ne babbar kyauta tsakanin sarakuna, kuma kyauta ga babba sai da babban suna. Manyan sunaye kuwa ba su da yawa. Masamune, wanda ya yi aiki a Kamakura wajen shekarar 1300, ayyukansa masu sa hannu da masana suka yarda da su 'yan ƙalilan ne, yawancinsu gajerun wuƙaƙe. Nagasone Kotetsu, maƙerin sulke da ya koma ƙirar takobi a Edo a ƙarni na 17, an yi wa sunansa jabu har masu harkar suna cewa in ka ga Kotetsu ka fara ɗaukarsa na ƙarya. Akwai daɗaɗɗen labari cewa Kondo Isami, shugaban dakarun Shinsengumi a shekarun 1860, wanda ke alfahari da Kotetsunsa, aikin Kiyomaro ne aka sa wa sunan aka sayar masa. In labarin ya tabbata, abin dariyar shi ne yau Kiyomaro ma yana sahun masu tsadar gaske, shi ma ana yi wa nasa sunan jabu. Mu a wannan zaure ba baƙin abin ba ne. Mun sha ganin rubutu mai daɗi yana yawo a waya an liƙa masa sunan wani babban malami ko marubuci, don an san in da sunan mai shi ne ba wanda zai tura gaba.

Ko takobinmu na gida yana da irin wannan tarihi. Bature Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da dubban ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, a yi musu ƙota da kube a nan. Masu nazarin takubban ƙasar Hausa da Azbin sun nuna yadda maƙeran gida suka riƙa kwaikwayon alamomin Turai, musamman 'yan watanni biyu masu fuska, a kan nasu ƙarfen. A ganina ba duka ne ha'inci ba, alamar ta zama abin da mai saye ke tsammanin gani a jikin takobin kirki. Amma ƙa'idar ɗaya ce a Kano da Edo: alama ta fi ƙarfe saurin kwaikwayuwa.

Yaya ake kama gimei? Akwai littattafai cike da hoton wutsiyoyi da aka kwafo ta hanyar goga tawada a takarda, ana ce musu oshigata. Ka ajiye naka kusa da tabbatattu na wannan maƙerin, ka bi harafi bayan harafi: daga ina ya fara sara, ina ya ƙare, yaya nisan sunan da ramin tsinke. Hannun mai suna yana tafiya a sake, na mai kwaikwayo yana ɗari-ɗari. Ka dubi sawun magagari a wutsiyar, domin kowane gidan ƙira da yadda yake karkata nasa. Ka dubi tsatsar cikin haruffan, ko launinta ɗaya da na kewaye. Tsatsar ƙarnuka baƙa ce, a lafe, mai santsi a hannu, shi ya sa goge wutsiya ya zama babban laifi a harkar: wanda ya kankare ta don ta yi kyau ya kankare shaidar haihuwar takobin. Har gefen da aka sa suna magana ne. Ana sa shi ne a ɓarin da ke kallon waje idan an ɗaura takobi, kuma tsohon tachi kaifinsa ƙasa yake kallo, katana kuwa sama, don haka ɓarinsu ya saɓa. Sai dai maƙeran Hizen, gidan Tadayoshi, dogayen takubbansu a ɓarin tachi suke sa wa hannu. Kusan kowace doka da ka haddace a harkar nan tana da irin wannan ƙofar baya.

Duk wannan ma mataki na biyu ne. Na farko na koye shi ne a zaman da ake kira kantei, wanda nake halarta duk wata. Ana jera takubba biyar a kan tebur, wutsiyarsu a rufe. Ka rusuna wa takobi kafin ka ɗauka, ba ka taɓa ƙarfen da yatsa, ba ka magana a kansa don kada yawu ya faɗa. Ka miƙe shi tsaye ka kalli siffarsa, ita ke faɗin zamani: dogo mai faɗi mai babban tsini yana nuna tsakiyar ƙarni na 14, mai ƙarancin lanƙwasa da ke tsukewa wajen tsini yana nuna shekarun 1660. Sannan hada, ta faɗa maka yanki. Sannan hamon, ya kai ka gidan ƙira, in kana da ido har ga mutum ɗaya. Ka rubuta suna a 'yar takarda ka miƙa wa alƙali, ya ce ka dace, ko ka yi kusa, ko ka yi nisa. Sau uku kake da dama. Sai an gama duka ake zare ƙota. Wanda ya saba da wannan tsari, in ya zare ƙota ba tambaya yake yi ba, tabbaci yake nema. In ƙarfe ya ce 1660, wutsiya ta ce Masamune, ya san wanda zai gaskata.

Ga wanda idonsa bai kai nan ba, saura takarda, ita ma da nata tarkon. Kowane takobin gargajiya a Japan yana da ɗan katin rajista da hukumar ilimi ta jiha ke bayarwa. Katin yana faɗin tsawo, da lanƙwasa, da yawan ramuka, da abin da aka rubuta a wutsiya. Bai ce rubutun gaskiya ne ba, kwafe shi kawai ya yi. Masu talla a intanet suna son ɗaga wannan katin suna cewa ga shaidar gwamnati. Takardar da ke tantance suna ta ƙungiyoyin masana ce, wadda aka fi sani ita ce NBTHK da aka kafa a 1948, mai matakai huɗu daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo. Ko ita, tsofaffin takardunta na kafin a sauya tsari a 1982 masu saye ba sa dogara da su, musamman in sunan babba ne. Kuma ana buga takardun bogi, ana kuma ɗaura ta gaske a kan wani takobin daban. Sai ka gwada hoton wutsiyar da ke jikin takarda da wadda ke hannunka, rami da rami, ka auna tsawo da kanka. Saye daga hoto uku masu duhu cinikin biri a sama ne, kuma babban suna a farashin ƙaramin suna, ba takarda, a ƙasar da kowane dillali ya san hanyar ofishin masu tantancewa, amsa ce da kanta.

Takobi ɗaya tak na mallaka. Gajere ne, irin da ake kira wakizashi, wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 30 da 60. Ba shi da suna ko ɗaya. Takardarsa ta Hozon ta jingina shi ga maƙeran Seki na ƙarni na 16, zamanin yaƙe-yaƙe, lokacin da ake ƙera takubba da yawa don aiki. Ranar da na saye shi da ajiyar wata takwas, akwai wani a gefensa mai kusan kuɗi ɗaya, ya fi tsawo, da suna mai nauyi a wutsiya, babu takarda. Mai shagon bai ɓoye ba, ya ce ba ya lamunce sa hannun. Na ɗauki marar sunan. Rashin suna ba aibi ba ne a nan, domin tsofaffin dogayen takubba da yawa an rage musu tsawo daga wutsiya da salon yaƙi ya sauya, sunan ya tafi da guntun da aka yanke, kuma cikinsu akwai waɗanda Japan ke lissafawa a dukiyar ƙasa.

Akwai wani dattijo a zamanmu na kantei da ya gaji takobi daga mahaifinsa, da sunan Kotetsu a wutsiya. Gidansu sun yi ta alfahari da shi tun yana yaro. Ya kai shi a tantance, aka dawo masa da shi ba takarda, don ba a ba gimei takarda komai kyan ƙarfensa. Ya kai wa wata ƙungiyar daban, amsa ɗaya. Abin da ya rage shi ne hanyar da aka saba bi: a ba gwani ya danne haruffan ƙaryar, ya mayar da sawun magagari, ya gyara launin wurin, a sake gabatar da takobin a matsayin marar suna. Ba kowa ke goyon bayan haka ba, saboda masu tantancewa mutane ne, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Shekara biyu yana jinkiri, ƙanwarsa ma ta ce bai isa ya goge abin da babansu ya bari ba. Daga ƙarshe ya yi. Bayan wasu watanni takarda ta fito, an jingina takobin ga wani maƙerin Edo na zamani ɗaya da Kotetsu, wanda sai da na buɗe littafi kafin in gano shi. A zaman da ya biyo baya ya kawo shi aka sa a tebur, na uku a jeri, wutsiya a rufe. Mutum biyu daga cikin tsofaffin hannu suka rubuta sunan daidai a karon farko.